Saukar Ungulu: Alheri a Tsakiyar Yaƙin Zalunci

Ranar 21 ga watan Janairu na shekarar 2025, wata tsohuwa mai shekara 102 ta rasu a Issy-les-Moulineaux, bakin birnin Paris. Sunanta Valérie André. Likita ce mai tiyatar ƙwaƙwalwa, matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu, kuma mace ta farko da ta kai muƙamin janar a rundunar sojan Faransa. Da na karanta labarin rasuwarta sai na ga ya dace in kai shi aji, a darasin Faransanci, musamman saboda ɗalibaina mata, waɗanda da yawansu ake ƙirga musu kwanaki a gida kafin a cire su daga makaranta. Niyyata in ce musu: ga wadda aka ce ba za ta iya ba, ta kuwa iya.

Ban kai ƙarshen labarin ba sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu. Ya ce: «Mushe, ai yaƙin mulkin mallaka ta yi. Yaya za mu yabi wadda ta taimaki masu danne ƙasar mutane?» Kafin in buɗe baki wata yarinya ta juya ta ce masa: «To da ƙanenka ne kwance cikin jini, tutar jirgin za ka tsaya tambaya?» Ƙararrawa ce ta raba su. Ni kuwa tambayar ta biyo ni har gida, don na lura kowanensu yana da gaskiya, kuma gaskiyar ɗaya ba ta kashe ta ɗayan ba. Wannan rubutu ƙoƙari ne na biyan bashin amsar da ban bayar ba a ranar.

Wace ce ita?

An haifi Valérie André a Strasbourg ranar 21 ga Afrilu 1922. Tun tana yarinya zuciyarta ta rabu biyu, tsakanin likitanci da tuƙin jirgin sama. Yaƙin Duniya na Biyu ya riske ta tana ɗaliba. Jamus ta haɗiye yankinsu na Alsace a 1940, sai ta tsallaka zuwa Clermont-Ferrand inda jami'ar Strasbourg ta yi hijira, ta kuma tsira daga samamen da Jamusawa suka kai wa jami'ar a watan Nuwamba 1943. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin yana da nauyi a muhawararmu: ta ɗanɗani ɗacin mamaya a ƙasarta kafin ta sa kakin da ke mamaye ƙasar wasu.

Ta kammala karatun likita a 1948, ta koyi dirowa daga jirgi da laima, sannan ta tafi Indoshin, wato Biyetnam da Lawos da Kambodiya na yau, inda Faransa ke yaƙi tun 1946 da mayaƙan neman ƴanci ƙarƙashin Ho Chi Minh. A asibitin soja na Saigon ta koyi tiyatar kai, a nan kuma ta ga abin da duk likitan yaƙi ya sani: yawancin masu rauni ba harsashi kaɗai ke kashe su ba, nisan hanya ne ke ƙarasa su. Mutum ya ji ciwo cikin daji ko fadamar shinkafa, abokansa su ɗauke shi kwana da kwanaki, kafin a iso gaban likita rauni ya ruɓe.

A lokacin jirgi mai saukar ungulu sabon abu ne. A watan Afrilu 1944 ne wani matuƙi ɗan Amurka, Carter Harman, ya fara ceto sojoji da irin wannan jirgi a dajin Bama. A 1950 aka kawo ƙananan jirage biyu ƙirar Hiller 360 zuwa Saigon, kuma ranar 16 ga Mayu na wannan shekara Alexis Santini, wanda daga baya ya zama mijinta, ya yi jigilar masu rauni ta farko da su. Valérie André ta koma Faransa ta koyi tuƙinsa, ta dawo. Jirgin ba shi da sulke, ba shi da bindiga, injinsa ba shi da ƙarfi sosai. Gadaje biyu ake ɗaurawa a gefensa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ƙanƙantar jikinta ta zama riba, tun da duk kilon da matuƙi bai ɗauka ba na mai rauni ne.

Ranar 11 ga Disamba 1951 aka kira ta zuwa sansanin Tu Vu, a bakin Baƙin Kogi, bayan ƙazamin faɗa na dare. Ta sauka cikin hazo da harbi, ta tantance masu rauni, ta yi wa mafi tsanani tiyata a wurin, sannan aka yi ta kwasarsu biyu-biyu zuwa Hanoi. Jimillar abin da aka rubuta mata a Indoshin shi ne tashi 129 a fagen daga da ceton mutum 165. Daga 1959 zuwa 1962 ta yi aiki a yaƙin Aljeriya, inda ta tashi sama da sau 350. Ta zama janar a 1976, ta kuma yi amfani da muƙaminta wajen buɗe wa mata ƙofar makarantun likitancin soja daidai da maza. A 2022 aka sa sunanta ga filin saukar irin waɗannan jirage na birnin Paris.

Hujjar yaron

Kada mu yi gaggawar ture maganar yaron nan, domin ba ta yarinta ba ce. Yaƙin Indoshin yaƙi ne na hana mutane mallakar ƙasarsu, haka ma na Aljeriya. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ma'ana, mai ɗauka ma yana da nasa kaso a cikin aikin. Rundunar yaƙi ba masu harbi kaɗai ba ce: akwai mai dafa abinci, akwai direba, akwai magatakarda, akwai likita. Cire su duka, bindiga ba za ta kwana uku tana magana ba.

Hujjar ta fi haka zurfi. Sojan da aka ceto yau, idan ya warke, gobe fagen daga zai koma. Wanda bai ji rauni ba kuwa, sanin cewa akwai jirgin da zai zo ya ɗauke shi yana ƙara masa ƙarfin zuciyar shiga wuta. Manyan hafsoshi sun san da haka, shi ya sa suke kashe kuɗi a kan jiragen ceto; ba tausayi kaɗai ke motsa su ba, har da lissafi. Ta wannan fuska, likitar da ke ɗinke rauni tana ɗinke rundunar ne, rundunar kuwa tana tsawaita zalunci. Duk wanda ya ce wannan magana ba ta da tushe bai yi mata adalci ba.

Hujjar yarinyar

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: su wane ne ke kwance a kan gadajen nan biyu? Faransa ba ta tura samarin da take ɗauka aikin soja na dole daga cikin ƙasarta zuwa Indoshin ba. Ta dogara ne ga sojojin sana'a, da rundunar baƙi, da ƴan Maroko da Aljeriya, da ƴan ƙasar kansu, da kuma dubun dubatar baƙaƙen Afirka da ake kira «tirailleurs sénégalais» ko da ba su taɓa taka Senegal ba. A cikinsu akwai ƴan Nijar. Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, ya yi Indoshin ya yi Aljeriya. Akwai kuma waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba, ƴan Adar da Arewa da Gobir, waɗanda fari da haraji da rashin abin yi suka tura barikin soja.

Ina yaro a Tawa akwai ɗaya daga cikin mazan jiyan nan a unguwarmu. Muna kiransa Baba, kamar yadda ake kiran duk sa'an mahaifi. Yana ɗingishi, kuma duk ranar biki sai ya fito da lambobinsa a ƙirji. Andoshin yake kiran ƙasar. Shi ba jirgi ne ya ɗauke shi ba. Abokansa ne suka ɗauko shi a kan abin da ya ce ba shi da maraba da makara, kuma wanda suka ji rauni tare bai kai asibiti ba. Ya kan ce da wanda ya kai shi can da wanda ya yi masa magani, kakinsu iri ɗaya ne, amma shi bai taɓa haɗa su a zuciyarsa ba: na farko bashi yake binsa, na biyun kuwa shi ke bin sa bashi. A lokacin ban fahimta ba. Yau ina ganin tsohon nan, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya riga mu warware rabin matsalar.

Domin mutumin da ke kwance cikin jini ya daina zama soja. Ba ya iya harbi, ba ya iya gudu. Abin da ya rage a wurin ɗan wata ne, mijin wata, mai jin ƙishirwa. Wannan fahimta ce ta sa Henri Dunant, bayan abin da ya gani a Solferino a 1859, ya yi fafutukar da ta haifi yarjejeniyar Geneva ta 1864, wadda ta ce mai rauni a kula da shi ko daga wane ɓangare yake. Mu ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: masu tarihin Musulunci sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa hema a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. Idan muka ce kada a ceci mai rauni sai an tabbatar yaƙinsa na gaskiya ne, to mun mayar da likita alƙali, mun kuma yanke wa talakan soja hukuncin kisa a kan laifin da ministoci suka aikata a Paris. Wanda zai mutu a ƙarƙashin wannan hukunci ba ministan ba ne. Ɗan Adar ne.

Saboda haka hujjar cewa ceto yana tsawaita yaƙi, duk da gaskiyar da ke cikinta, ba za ta iya zama dalilin barin mutum ya mutu ba. Ran da aka ceto tabbas ne, a gaban ido yake. Tsawaitar yaƙin kuwa ƙiyasi ne da ya ratsa ta hannuwa dubu. Ba a barin tabbataccen alheri don gudun sharrin da wasu za su zaɓa su aikata da shi.

Inda lissafin ya ƙi ƙarewa

Da maganar ta tsaya nan, da yarinyar ta yi nasara baki ɗaya. Amma rayuwar Valérie André ba ta tsaya a Tu Vu ba, jirgin ma haka. A Aljeriya ne jirgi mai saukar ungulu ya sauya hali. Sojan Faransa ya gano cewa abin da ke iya ɗauko mai rauni daga kan dutse yana iya sauke mayaƙa a kan dutsen. Aka riƙa kwasar dakaru ana zubawa a tsaunuka don farautar mayaƙan FLN, aka kuma ɗora wa wasu jiragen manyan bindigogi. Sikorsky H-34, ɗaya daga cikin jiragen da ta tuƙa a can, shi ne kuma irin wanda aka fi yin wannan aiki da shi. Ƙarfe ɗaya, ƙara ɗaya. Mutumin ƙauyen da ya ji shi daga nesa ba shi da hanyar sanin ko magani ke tafe ko mutuwa.

A lokacin da ta isa Aljeriya, batun azabtar da fursunoni ya riga ya fito fili. Henri Alleg ya wallafa littafinsa La Question a 1958, inda ya ba da labarin azabar da aka yi masa. Kafin nan, a 1957, Janar Jacques Pâris de Bollardière, wanda shi ma ya yi yaƙin Indoshin, ya ƙi amincewa da azabtarwa, ya nemi a sauke shi daga jagorancin dakarunsa, ya kuma bayyana dalilinsa a fili. Sakamakonsa tsarewar kwana 60. Na kawo shi ne don a ga cewa wata hanyar tana nan, kuma akwai wanda ya bi ta ya biya kuɗinta. Shi ya ce a'a ya rasa makomarsa a soja. Ita ta ci gaba da aiki cikin rundunar har ta kai ƙololuwa.

A nan ne nake ganin yaron ya dawo da ƙarfinsa. Ceton mai rauni ba laifi ba ne a ko wane yaƙi. Amma zama cikin runduna shekara talatin zaɓi ne, kuma ɗan Adam ana tambayarsa a kan zaɓinsa, ba a kan aikin hannunsa kaɗai ba. Mutum 165 ɗin nan suna cikin littafinta, babu mai goge su. Kakin da ta sa shi ma yana cikin littafin. Kuskurenmu shi ne son a tara shafukan biyu a fitar da jimilla ɗaya, a ce ko gwarzuwa ko ƴar koren mulkin mallaka. Rayuwar mutum ba jarrabawar lissafi ba ce da malami zai ba maki ɗaya a ƙasan takarda.

Ungulu da kan zabo

Akwai haɗari na uku, wanda ba daga gare ta yake ba. Gwamnatocin da ke yaƙin da ba su iya kare shi da hujja suna matuƙar son hoton likita. Jaridun Faransa na wancan zamani sun yi ta buga hoton ƴar ƙaramar mace kusa da jirginta, kamar yadda suka yi da ma'aikaciyar jinya Geneviève de Galard bayan faɗuwar Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu 1954. Jarumtar matan nan gaskiya ce. Amma idan aka ɗora ta a kan yaƙin don a rufe fuskarsa, to an yi wa jama'a ungulu da kan zabo: kan na zabo ne ba shakka, gangar jikin ce ba tasa ba.

Hanyar gane wannan ciniki ita ce a duba yadda aka yi da mai raunin bayan an ɗauki hoto. Ƙasar da ta aika jirgi ya ɗauko sojan Afirka daga fadama ita ce ta daskarar da fanshonsa da dokar Disamba 1959, ya zamana abokin yaƙinsa Bafaranshe na karɓar ninkin-ba-ninkin abin da shi ke karɓa. Sai a 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa, a shari'ar wani tsohon soja ɗan Senegal mai suna Amadou Diop, ta ce wannan wariya ce, kuma sai a 2011 aka kammala daidaita kuɗin. Kafin nan yawancin masu haƙƙin sun kwanta dama, har da Baba na unguwarmu. Likita ta ceci ransa ko na ɗan'uwansa cikin sa'a ɗaya; hukuma ta riƙe haƙƙinsa shekara hamsin. Wanda ya yabi ta farko ya manta ta biyun, bai karanta tarihin ba, talla ya kalla.

Abin da ya shafe mu

Sunan da Bahaushe ya ba jirgin nan abin dubawa ne. Ya ga yadda yake sauka a tsaye ba tare da gudu ba, sai ya tuna ungulu. Ungulu kuwa ba ta jewar banza. Inda ta sauka akwai wanda ya faɗi. Tambayar da ta rage ita ce: me ya sauka yi?

A arewacin jihar Tawa wannan tambaya ba ta littafi ba ce. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia. Yaranmu sun girma suna jin ƙarar jirage a sama, kuma a kunnensu ƙarar nan alamar tashin hankali ce. A ɗaya gefen, matsalar da Valérie André ta gani a Saigon tana nan a ƙauyukan Adar ko ba yaƙi: nisan hanya. Macen da naƙuda ta yi wa gardama a bayan duwatsun Keita ko Buza, sau da yawa amalanken jaki ne ke fara ɗaukarta kafin a kai inda mota ke shiga, kuma jini ba ya jiran jaki. Ƙasa tana bayyana abin da ta fi daraja ta wurin wanda take yarda ta tashi jirgi dominsa.

Zamani kuma ya kawo jirgin da ba ya sauka sam. Ranar 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri ta jihar Kaduna, jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya jefa bam bisa kuskure kan masu bikin Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Duk abin da za a faɗa game da kakin likitar nan, ita sai da ta sauka. Ta taka ƙasar da ake harbi, ta ga fuskar mutum, jininsa ya taɓa hannunta. Wanda ya sauka yana iya yin kuskure, amma da wuya ya manta cewa abin da ke ƙasa mutum ne.

Mu malamai, jarabarmu ita ce mu ba yara gwarzo tsarkakakke ko mugu tsantsa, domin su ne masu sauƙin rubutawa a allo. Amma yaran da ke gabanmu gobe za su zama likitoci da sojoji da ma'aikatan hukuma, wasunsu ma matuƙa, tun da Ouma Laouali ta buɗe wa ƴan matan Nijar wannan ƙofa a rundunar sojan sama a 2015. Kusan dukansu za su yi aiki ƙarƙashin hukumar da ba su suka tsara manufarta ba, kuma wata rana za a ba su umarnin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba. Abin da za su buƙata a ranar shi ne sanin abu biyu tare: cewa mai rauni ba a tambayarsa ɓangare, da kuma cewa kyawun aikin hannunka ba ya ɗauke maka tambayar wa kake yi wa aiki.

Mako na gaba na koma ajin. Na ce wa yarinyar ta yi gaskiya: da ƙanensa ne a kwance, da ba zai tambayi tuta ba, kuma bai kamata ya tambaya ba. Na ce wa yaron shi ma ya yi gaskiya: bayan an kai ƙanen asibiti, wajibi ne a koma a tambayi wanda ya tura shi can, da dalilin turawar, da abin da aka biya shi. Sannan na ba su aikin gida, kowa ya je ya nemi tsoho ko tsohuwa a danginsu ya tambaya ko akwai wanda ya tafi Andoshin ko Aljeriya daga gidansu, da yadda ya dawo. Ɗalibai bakwai suka zo da suna. Biyu daga cikin sunayen, masu su ba su dawo ba.